Baburan Tirayal: Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓa, Ya Kula, Ya Kuma Gyara

Duk wanda ya kalli bidiyon Toni Bou, ɗan ƙasar Sifaniya, yana ɗare dutsen da ya fi shi tsawo a kan babur, ya dira a kan taya ɗaya, ya tsaya cak ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, sai ya ji abin ya shiga ransa. Tun daga 2007 mutumin nan ya jera shekaru fiye da 15 yana lashe gasar duniya a kan babur ɗin Montesa. To amma sha'awar nan ita ce kan jefa sabon shiga cikin asara. Sai ya garzaya ya sayi babur mai ƙaton inji irin na zakarun duniya, kafin 'yan watanni ka iske an jingine shi a gareji. Ko dai babur ɗin ya fi ƙarfin mai shi har ya fara tsoronsa, ko kuma ya lalace saboda ƙananan abubuwan da aka yi wa sakaci.

Maganin matsalolin biyu ɗaya ne: ka fahimci cewa babur ɗin tirayal an ƙera shi ne domin tafiya a hankali. Zaɓensa da kula da shi da gyaransa duk daga nan suka samo asali.

Wane irin wasa ne?

A Birtaniya wasan ya samo asali a farkon ƙarni na 20. Gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda aka fara a 1909, har yanzu ana yin ta a duwatsu da rafukan yankin Fort William. Ba gudu ake gwadawa ba. Ana shata gajeren wuri mai duwatsu ko gangara ko saiwoyin itace, mahayi ya ratsa, alƙali na kallo. Ka sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, a rubuta maka maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. In ka faɗi ko ka fita daga iyaka, maki 5. Wanda makinsa ya fi ƙaranci shi ya ci.

Shi ya sa babur ɗin ba shi da wurin zama, a tsaye ake tuƙa shi. Nauyinsa kusan kilo 70 ne, tankinsa bai cika wuce lita 3 ba, giyoyinsa na farko gajeru ne ƙwarai. Ba na zuwa kasuwa ba ne, ba na hawa babban titi ba ne. Wanda ke neman abin hawa na zirga-zirga ya nemi wani.

Zaɓen babur

Kamfanonin da suka shahara a wannan fanni su ne GasGas da Montesa da TRS da Vertigo na Sifaniya, Beta na Italiya, sai Sherco da Scorpa. Injinansu kan kama daga cc 125 zuwa 300. Shawarata ga baligin da zai fara ita ce 250, ko 200 irin wanda Beta ke yi. Mai ƙaramin jiki ko matashi 125 ya ishe shi. Inji mai cc 300 an yi shi ne domin wanda zai tashi daga tsaye ya haye bango. A hannun sabon shiga, ɗan murɗa totur kaɗan bisa kuskure sai babur ya suɓuce ya bar shi a ƙasa. Ƙarfin da ba ka iya sarrafa shi ba ba ya koya maka komai sai fargaba.

Yawancin baburan nan injinsu mai bugu biyu ne, wato ana haɗa fetur da mai a jarka kafin a zuba, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareto. Ba su da nauyi, gyaransu kuma da sauƙi. Montesa 4RT shi ne fitaccen mai bugu huɗu. Injin Honda gare shi, ba ya amfani da kafireto, an san shi da ƙarko, sai dai ya ɗan fi nauyi da tsada. Akwai kuma masu aiki da lantarki, kamar Electric Motion na Faransa da Oset na yara, waɗanda ba su da ƙara, ba sa damun maƙwabta. Tsofaffi masu shokozoba biyu a baya, irin su Yamaha TY175 da Bultaco Sherpa, suna da masoyansu da ajinsu na musamman a gasa, amma sun fi dacewa da wanda ke jin daɗin zama da sifana kamar yadda yake jin daɗin hawa.

Kada sunan kamfani ya ɗauke maka hankali. Abu biyu za ka tambaya: yaya lafiyar wannan babur ɗin da ke gabana, kuma a ina zan sami kayan gyaransa? Na hannu wanda aka riƙe da kyau ya fi sabo amfani ga mai koyo, domin faɗuwa dole ce, kuma ƙarzuwar farko ba za ta yi maka ciwo sosai ba.

In ka je dubawa, ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso, ka taɓa salansa ka tabbatar da sanyinta. Injin da ke wahalar tashi da sanyi yana ɓoye wani abu. Ka buɗe akwatin matatar iska kafin komai. In ka ga soson a bushe ko ƙura ta wuce bayansa, ka san yadda aka riƙe sauran babur ɗin. Ka ɗora shi a kan wani abu tayoyin su rabu da ƙasa, ka girgiza kowace taya gefe da gefe, sannan ka ɗaga ta baya sama ka sauke. Duk wani ƙwas-ƙwas da ka ji, boris ne ya mutu. Ka durƙusa ka duba farantin ƙarfen da ke kare ƙasan inji. In ya lotsa har ya manne da injin, ko robar da ke tsakaninsu ta cinye, dukan dutse na gaba injin zai fasa. Ka duba ko firam ya tsage a kusa da wuya da wurin ɗora ƙafa. Daga ƙarshe ka bar injin yana aiki a tsaye har ya yi zafi, ka jira ka ji fankar lagireto ta tashi da kanta. In ba ta tashi ba, a rage kuɗi ko ka haƙura. Araha ba ta ado.

Kulawar yau da kullum

Matatar iska ita ce ran injin. Ka cire soson bayan kowace fita, ka wanke, ka bar shi ya bushe sarai, ka shafa masa man da aka yi dominsa, ka matse ragowar. Ka sayi soso biyu ko uku kana musanyawa. Ƙurar da ta wuce soso fistan da ringi take ci, gyaran nan kuwa ya ninka kuɗin soso sau da yawa.

Wajen haɗa mai, ka bi littafin kamfani. Baburan zamani kan buƙaci mililita 60 zuwa 70 na mai mai kyau a cikin lita 5 na fetur. Ka auna da kofin awo, ban da ƙiyasi da ido. Wasu na ganin ƙara mai gata ne ga inji, alhali a babur mai tafiya a hankali ragowar man ba ya ƙonewa, sai ya jiƙe fulogi ya toshe salansa. Kada ka haɗa fiye da abin da za ka ƙarar cikin 'yan makonni. Fetur mai gaurayen etanol, irin E10 da ya zama gama-gari a Birtaniya tun 2021, yana jan danshi in ya daɗe a ajiye. In ka gama hawa ka rufe makunnin mai, in kuma babur zai jima a ajiye ka tsiyaye kafireto.

A wannan wasa yatsa ɗaya ba ya barin kuloci. Da shi ake auna ƙarfin da ke isa taya, shi ya sa man giya ke saurin gajiya. Man kaɗan ne, wajen rabin lita, don haka canza shi ba tsada. Ka riƙa canzawa bayan 'yan fita kaɗan, ka kuma dubi launin wanda ya fito. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga.

Iskar taya ita ce abin da ya fi ba sabon shiga mamaki. Tayar baya kan ɗauki psi 4 zuwa 5 kacal, ta gaba kuma 5 zuwa 7, domin robar ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Ma'aunin masu faci na bakin titi ba ya karanta iska ƙasa haka daidai, sai ka sayi ƙaramin ma'auni na musamman, ka auna kafin kowace fita. Tayar baya yawanci ba ta da tub, ta gaba kuwa tana da shi. Idan gefen haƙoran tayar baya ya dakushe, ana iya juya ta a ci moriyar ɗaya gefen kafin a sayi sabuwa.

Wanki ma yana da ƙa'ida. Ka toshe bakin salansa, kada kuma ka saita ruwa mai ƙarfi a kan boris ko akwatin matatar iska, domin yana kore giris ya bar ruwa a gurbinsa. Bayan wanki ka sa wa sarƙa mai, ka tayar da injin ya yi ɗumi ya kori danshi. Aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara ka kwance mahaɗan shokozobar baya da na wuya, ka wanke, ka cika su da giris mai jure ruwa. Su ne suka fi kusa da laka, su ne kuma aka fi mantawa da su. Ka riƙa bin wayoyin rim da ƙusoshi kana ɗaure waɗanda suka saki, amma da lura: sassa da yawa na babur ɗin alminiyum ne, ɗaurin ƙarfi na cinye zaren ƙusa nan take.

Idan matsala ta taso

Babur ya ƙi tashi? Fara da mai sauƙi. Duba makunnin mai, duba igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a wuyan hannu ko ta zauna daidai, sannan ka cire fulogi. In ya jiƙe ya yi baƙi, sa sabo. Ka riƙa yawo da ɗaya a aljihu. Mai Montesa 4RT kuma ya sani cewa ba a taɓa totur wajen tayar da shi, bugu ɗaya dogo a natse yake so.

In injin na mutuwa da zarar ka saki totur, ko yana shaƙewa a ƙaramar wuta, galibi ƙaramin jet na kafireto ne ya toshe. Kwance shi ka wanke ka hura masa iska. Kada ka zura masa waya, za ka faɗaɗa ramin ka ɓata awonsa. In kuwa injin na ɗaga murya da kansa ba ka taɓa komai ba, iska ce ke shiga ta inda bai kamata ba. Duba robar da ta haɗa kafireto da inji ko ta tsage, kada ka ci gaba da hawa a haka domin injin na iya kamewa.

In ruwan lagireto na tafasa, tuna cewa babur mai tafiya a hankali ba ya samun iskar hanya, fanka ce kaɗai gatansa. Sau da yawa ba fankar ce ta mutu ba, ɗan makunnin da ke jin zafi ne. Ka haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye injin na aiki. In fanka ta juya, makunnin za ka canza. Man giya mai fari-fari tare da raguwar ruwan lagireto na nuna sil ɗin famfon ruwa ya gaji, gyara ne mai sauƙi in an yi shi da wuri. Hayaƙi mai yawa tare da raguwar man giya kuwa alama ce ta sil ɗin cikin inji na ɓangaren kuloci.

Kafin ka ƙara mai a kuloci ko birki, karanta abin da ke rubuce a murfin. Wasu na shan man birki irin DOT 4, wasu kuma man minaral. In ka gauraya su, robobin ciki za su kumbura, kuloci ya daina aiki gaba ɗaya.

Duk waɗannan mai koyo zai iya yi da hannunsa in yana da littafin gyara da kayan aiki masu kyau. Amma raba inji biyu, da gyaran cikin shokozobar baya mai iskar gas a matse, da waldar firam ɗin alminiyum, ka kai wa bakaniken da ya san irin babur ɗin. Kuɗin aikinsa bai kai kuɗin ɓarnar gwaji ba.

Ga mai son shigo da shi gida

Wanda ke tunanin kawo irin wannan babur Najeriya ko Nijar ya yi lissafi tun kafin ya biya. Kayan gyaransa ba irin na Bajaj ko Jincheng ba ne da za ka samu a kowane shago. Ka haɗo shi da soson matatar iska da yawa, fulogi, hannun kuloci da na birki, boris, sil, fistan da ringi, makunnin fanka, da taya ta ajiya. Ƙurar hunturu da zafin bazara za su ninka maka aikin soso da na lagireto, don haka ka fi fita da sassafe ko da yamma. Ka nemi izinin masu wuri kafin ka hau dutse ko ka ratsa fili, ka nisanci gonaki da hanyoyin dabbobi.

Abin da za ka fara da shi

Kafin ka kashe ko sisi wajen ƙawata babur, sayi hular kwano, da takalmi mai tsawo da ke kare ƙwauri, da safar hannu. In babur ɗin na yi maka zafin nama, akwai hannun totur mai jinkiri da ake sauyawa da kuɗi kaɗan. In kana ƙasar da ake da ƙungiyoyin wasan, kamar waɗanda ke ƙarƙashin hukumar ACU a Birtaniya, ka shiga ɗaya. Sukan ware hanya mai sauƙi domin sababbi, a can kuma za ka sami waɗanda suka san ciwon kowane irin babur da maganinsa. Kada ka fita kai kaɗai cikin duwatsu.

Makonnin farko ka yi su a fili mai laushi. Ka koyi tsayuwa a kan babur injin a kashe. Ka ajiye duwatsu biyu kana zagaya su da giya ta ɗaya, kana matse da'irar kullum, har kan babur ya kai ƙarshen juyawarsa ba ka sa ƙafa ba. Sai wannan ya zauna a jikinka sannan ka tunkari gungumen itace ko dutse. Kowace fita kuma ka rufe ta da rabin awa na wanki, da soso, da sarƙa, da duba ƙusoshi. Sannu ba ta hana zuwa, a wannan wasa ma ita ce hanyar zuwan, ga mahayi da babur ɗinsa baki ɗaya.