Memento: Fim Ɗin da Ya Faro Labarinsa Daga Wutsiya

'Yan uwa ɗalibai, kowane labari yana da jeri biyu. Akwai jerin yadda abubuwa suka faru, akwai kuma jerin yadda mai ba da labarin ya zaɓi ya faɗe su. A tatsuniya jerin biyu tare suke tafiya: abin da ya fara faruwa shi ake fara ji, har a kai ƙurunƙus. Amma marubuci yana da ikon ya raba su, ya fara da tsakiya ko da ƙarshe. Darasinmu na wannan mako a kan wani fim ne da ya yi hakan, kuma yana da dalili mai ƙarfi na yin sa. Muna sanar da wanda bai kalla ba cewa za mu tona ƙarshen labarin, domin darasin ba zai fito ba sai da shi.

Sunan fim ɗin Memento. Christopher Nolan ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito a shekarar 2000, kuma tushensa wani gajeren labari ne na ƙanensa Jonathan Nolan. Guy Pearce ne ya fito a matsayin Leonard Shelby, tsohon mai bincike a kamfanin inshora a Amurka. Wata rana da dare wasu mutane suka shiga gidansa, suka far wa matarsa, shi kuma aka buge shi a kai. Tun daga ranar ya daina iya adana sabon abu a ƙwaƙwalwarsa. Ya san sunansa, ya san aikinsa, yana tuna matarsa. Amma duk abin da ya faru bayan raunin, cikin 'yan mintoci yake goge masa. Zai gaisa da kai yanzu, ka fita ka dawo, ya tambaye ka ko kai wane ne.

Wannan lalura ba ƙirƙirar masu fim ba ce. A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison aiki a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wani sashe da ake kira hifokamfas daga ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga nan har rasuwarsa a 2008 bai ƙara riƙe sabbin abubuwan da suka faru da shi yadda ya kamata ba. Masaniya Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin layin hoton tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa bai tuna ya taɓa yin gwajin ba. Daga nan masana suka fahimci cewa tuna abin da ya faru daban, koyon aikin hannu daban.

Leonard yana neman wanda ya kashe matarsa, to ta yaya mai irin wannan lalura zai yi bincike? Ya tsara wa kansa hanya. Yana ɗaukar hoton mutane da wurare da kyamarar Polaroid, wadda ke fitar da hoto nan take, ya rubuta bayani a jikin hoton. Abin da ya ɗauka tabbatacce ne kuwa, sai a zana masa shi a fatar jikinsa yadda ba zai gogu ba. A ƙirjinsa an rubuta cewa wani John G. ne ya kashe matarsa.

Yanzu ga inda gwanintar take. Nolan ya raba fim ɗin gida biyu. Akwai fitowa masu kala, waɗanda aka jero su daga ƙarshe zuwa baya, kowace tana ƙarewa a daidai inda wadda ta gabace ta ta fara. Akwai kuma fitowa na baƙi da fari, su kuma suna tafiya gaba kamar yadda aka saba. Ana nuna wannan, a nuna wancan. A ce labarin mataki goma ne. Za ka ga na 10, sai na 1, sai na 9, sai na 2, sai na 8, sai na 3, a haka har a haɗu a na 5 da na 6, inda baƙi da fari ke rikiɗewa ya koma kala. Ke nan ƙarshen fim ɗin shi ne tsakiyar labarin. Tun a mintin farko an nuna maka Leonard ya harbe wani mutum mai suna Teddy, har ma an juya fitowar baya, hoton da ke hannunsa yana dusashewa maimakon ya fito. Saboda haka mai kallo ya riga ya san abin da zai faru. Abin da yake nema shi ne dalili.

Me ya sa aka wahalar da mai kallo haka? Domin a saka shi cikin halin Leonard. Duk fitowa mai kala da ta fara, ba ka san abin da ya faru minti biyar kafin ta ba, kamar yadda shi ma bai sani ba. Akwai inda za ka gan shi yana gudu, yana tambayar kansa ko shi ne ke bin wani mutum, sai harsashi ya tabbatar masa cewa shi ake bi. Akwai inda wata mata mai suna Natalie ta shigo da jini a leɓe, ta ce wani ne ya doke ta, Leonard ya tausaya mata, mu ma muka tausaya. Sai fitowa ta gaba ta mayar da mu baya kaɗan: ashe ita ce ta ɓoye duk biron da ke ɗakin, ta zage shi ta zagi matarsa har ya kai mata duka, ta fita ta zauna a mota ta jira ya manta. Da an jero labarin daidai, da mun kalli Leonard a matsayin wawan da ake yaudara. Da aka juya shi, tare da shi aka yaudare mu.

Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Ghajini na Aamir Khan, wanda ya fito a 2008, mai jarumi da irin wannan mantuwa da hotuna da rubutu a jiki. Sai dai shi labarinsa gaba yake tafiya, ana dai waiwaye ta cikin littattafan da jarumin ya rubuta kafin ya ji rauni. A can kana tausayin mai mantuwa daga nesa, a Memento kuwa kai ma kana cikin duhun.

A ƙarshen fim ɗin Teddy ya gaya wa Leonard cewa ai tun fiye da shekara guda ya riga ya sami mutumin da yake nema ya kashe shi, ya manta ne kawai. Fim ɗin bai yanke hukunci ko Teddy gaskiya ya faɗa ba. Amma ya nuna mana abin da Leonard ya yi da ya ji: ya rubuta lambar motar Teddy a matsayin hujjar da za a zana masa a jiki, yana sane da cewa nan da mintoci zai manta dalilin rubuta ta, ya koma farautar Teddy. Mutumin da ke taƙama da cewa rubutu ya fi tunani aminci, shi ne ya yi wa kansa ƙarya a rubuce.

Darasi biyu ke nan gare mu 'yan ƙungiyar jarida. Na farko, kada ka hargitsa jerin labari don burgewa. Tambayi kanka abin da mai karatu zai ji a sabon jerin wanda ba zai ji a tsohon ba. Idan babu, bar labarinka a miƙe. Na biyu, don an rubuta abu ba shi ke nuna gaskiya ne ba. Kafin ka kafe labari a wannan allo, bincika wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema da faɗarsa.

Aikin wannan mako: rubuta gajeren labari mai mataki biyar a kan ɗalibin da aka samu littafin wani a cikin jakarsa. Sai ka sake rubuta shi daga mataki na biyar zuwa na ɗaya. Ba abokinka ya karanta na biyun kaɗai, ka tambaye shi a wane mataki ne ra'ayinsa game da ɗalibin ya sauya. Ku miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis, za mu kafe uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba.