Furen Watan Haihuwata

'Yan'uwana ɗalibai, rannan a kasuwar Sabon Gari na ga wani katin gaisuwa mai zanen furanni goma sha biyu. Ashe a al'adar Turawa kowane wata da furensa, kowane fure kuma da ma'anarsa. Misali, watan Yuni nasa wardi ne, alamar ƙauna.

Da na duba Yuli, watan da aka haife ni, sai na ga bado! Shi dai badon nan namu da ke rufe kududdufi da damina. A wurinsu yana nufin tsarkin zuciya.

Na koma Fagge na gaya wa kakata. Ta ce, "Ai ba su yi ƙarya ba. Saiwarsa na cikin taɓo, amma furensa fari fat. Haka ake son ɗan mutum, kowace irin unguwa ya tashi."

Abin baƙin ciki, an cike kududdufai da yawa an yi gini, wasu kuma sun zama juji. Ƙanena bai taɓa ganin bado ba sai a jikin katin nan.

Don Allah mu daina zuba shara a waɗanda suka rage. Allah ya ba mu zuciya irin ta bado, amin.