Amsoshin Tambayoyinku: Kula da Tsofaffi Kafin Zama Nas a Kanada

Wata mai sauraronmu daga Kano ta tambaya: shin ɓata lokaci ne a fara da aikin kula da tsofaffi a Kanada kafin a zama nas?

To Malama, ko kusa. A lardin Ontariyo ana kiran masu wannan aiki PSW, kuma horonsu a kwaleji galibi ba ya wuce shekara guda. Su ke yi wa dattijo wanka, su ba shi abinci a baki, su riƙa juya shi a gado kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wadda ta saba da wannan, da ta ga tsohuwa ta ture kwanon abincinta ta yi lamo, ta san akwai matsala tun kafin a auna ta. A ganina, aji ba ya koyar da irin wannan lura.

Sai dai aikin yana cin baya, albashinsa kuma bai kai na nas ba. Karatun ma yana nan yana jira: ƙaramar nas difloma ce ta shekara 2, cikakkiya kuwa digiri na shekara 4 haɗe da jarrabawar samun lasisi ta NCLEX. Wasu kwalejoji suna rage wa PSW zangon karatu idan za ta shiga diflomar, don haka ki bincika kafin ki biya kuɗin makaranta.