Amsoshin Tambayoyinku: Ƙanena Ya Daina Zuwa Majami'a, Aikin Wa Ne Dawo da Shi?

Tambaya: Ni 'yar zumuntar mata ce a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Roni. Ƙanena ya tafi ci-rani Legas, ya dawo da shaye-shaye, dattawan ikilisiya suka sa shi a horo. Tun daga ranar bai sake taka majami'a ba, har shekara ta zagayo. Yanzu ana shirin fita bishara ƙauyukan Gwiwa bayan girbi, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Yaya zan je kiran na waje alhali na gida ya ɓace? Kuma dawo da shi aikina ne ko na fasto?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da tambayarki ta biyu don amsarta a fili take: aikinki ne. Fasto yana da nasa rabon, dattawa ma haka, amma babu wanda ya fi ki kusa da ƙofar ɗakin yaron nan. Sa'ad da Manzo Bulus ya yi maganar ɗaga wanda ya faɗi, a sura ta 6 ta wasiƙarsa ga Galatiyawa, da jama'ar ikilisiya yake magana, kuma abin da ya nema a gare su shi ne taushin hali, kowa yana tuna cewa shi ma ƙafarsa tana iya zamewa. A Matiyu sura 18 ma, matakin farko mutum ɗaya ne ya je ya sami ɗan'uwansa a keɓe. Taron jama'a shi ne matakin ƙarshe.

Bari in tsaya kan horo, don ina ganin nan ciwon yake. Ban ce dattawanku sun yi laifi da suka hore shi ba. Amma mu a ikilisiyoyin ƙasar Hausa mun iya sa mutum a horo, fitar da shi ne ba mu iya ba. A yi sanarwa ranar Lahadi, a hana shi jibin Ubangiji, a nuna masa bencin baya, shi ke nan kowa ya kama gabansa. A ƙauye, inda mai sanarwar kawunsa ne, masu sauraro kuma surukansa da abokan wasansa, kunya ta fi giyar ƙarfin tsare shi a gida. Ikilisiyar Koranti ta taɓa hukunta wani mutum, sai Bulus ya rubuta musu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa ta biyu, cewa hukuncin ya isa haka, su yafe masa, su ƙarfafa shi tun takaici bai kashe masa zuciya ba. Don haka ki sami dattawa cikin ladabi, ki tambaye su abu biyu: yaushe horon zai ƙare, kuma wa aka ɗora wa ziyartarsa? Idan babu amsa, to, an yi rabin aiki an bar rabi.

Ke kuma, kada ki je masa da wa'azi. Ya san wa'azin, a cikinsa ya tashi. Ki duba yadda Yesu ya yi da Bitrus bayan ya yi musun saninsa sau uku: a Yohanna sura 21, sai da ya ba shi abinci a bakin teku, sannan ya tambaye shi game da ƙauna, daga nan ya damƙa masa aiki. Ki kai masa tuwo, ki tambayi gonarsa, ki bar shi ya ba ki labarin abin da ya same shi a Legas, don sau da yawa akwai bashi ko asara a ƙarƙashin kwalbar. Kada ki yi masa faɗa a gaban matarsa ko tsaransa. Ke yayarsa ce, maganarki tana da nauyi, kuma nauyin ne ya sa dole ki auna ta. Idan kuwa abin ya kai ga ƙwaya ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018 amma bai ɓace daga hannun samari ba, to, a haɗa addu'a da likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, kuma kai mutum can ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Sai batun fita bishara. Ki je. Da masu bi za su jira sai gidansu ya daidaita tukuna, da bishara ba ta iso ƙasar Roni ba. Samari uku da suka fara aikin mishan na SIM sun sauka Legas a 1893, biyu suka mutu a shekarar da ta biyo, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Turawan mulki ma sun daɗe suna taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Arewa, sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A nan Roni SIM ta kafa makarantar kwana ta yara maza. Amma Turawan mishan ɗin nan 'yan kaɗan ne. Waɗanda suka shiga ƙauyukan Maguzawa, suka zauna, suka yi noma tare da su, 'yan ƙasa ne, kowannensu da nasa baƙin cikin a gida. Ƙungiyar EMS mai aika masu bishara 'yan ƙasa ta kafu a 1948, kafin ita kanta ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 shi ma a kan wannan aka gina shi: kowane mai bi, mace da namiji, mai shaida ne.

Yadda za a fita kuwa yana da muhimmanci ƙwarai. A Kazaure da Roni da Gwiwa, har Babura a bakin iyakar Nijar, yawancin maƙwabtanku Musulmi ne, wasunsu ma jininku ne. A fara da gaida dagaci da mai unguwa. Ba zagin addinin kowa, ba jan yaro ba da sanin iyayensa ba, ba sayen mutum da atamfa ko buhun hatsi. Wanda ya tambaya a amsa masa da girmamawa, wanda ya ƙi a rabu lafiya, gobe a same ku a gidansa wajen suna ko ta'aziyya. Mutumin da bai taɓa ganinki a gayyar gonarsa ba, da wuya ya ba ki kunnensa.

Abu na uku ba ki tambaya ba, amma shi ya haifi tambayarki: almajirantarwa. Muna ƙidaya waɗanda suka ɗaga hannu a taro, mu koma gida da murna, ba mu tambayi wa zai zauna da su mako mai zuwa ba. Shuka ce aka yi aka ƙi komawa noman farko. Ƙanenki ya gama ajin baftisma, na tabbata, amma da zai hau mota zuwa Legas, wa ya haɗa shi da wata ikilisiyar Hausa a can? Wa ya kira shi a waya ya ji lafiyarsa? Kowace shekara da an ɗaure dawa samarinmu suna watsewa Kano da Abuja da Legas. Ku kai wa dattawa shawara a rubuta sunayensu, a san inda kowa ya sauka, a ba kowa wani babba da zai riƙa nemansa. Ku ma a zumuntar mata, kowace babba ta riƙe yarinya ɗaya, ta koya mata karatu. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, amma har yau akwai matan da sai an karanta musu. Kafin su iya, a sa musu karatun murya a waya, su ji suna aikin gida.

A ƙauyukan Gwiwa ma kada ku shiga inda ba za ku iya komawa ba. Gara ƙauye ɗaya da za ku riƙa zuwa har damina, da biyar da za ku ratsa rana ɗaya.

Ƙanenki yana iya korar ki a zuwan farko, yana iya yin alkawari ya saɓa. Ki koma. Ranar da ya ce zai zo sujada amma yana jin nauyin bencin baya, ki roƙi maigidanki ko wani kawunku ya biya masa tun da safe, su shiga tare, su zauna a can bayan tare. Ki sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi da dattawa.