Amsoshin Tambayoyinku: Tuntuɓar ma'aikata kafin a ƙera musu manhaja

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: wai daga ina aka samo ɗabi'ar nan ta jin ta bakin ma'aikata kafin a ƙera musu manhajar aiki?

To malam, abin ya faro ne daga arewacin Turai. A farkon shekarun 1970, Kristen Nygaard, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Norway, ya haɗa kai da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta ƙasarsa domin su samu ta cewa kan na'urorin da ake shigo musu da su masana'anta. A 1976 kuma Sweden ta kafa dokar da ta wajabta wa masu kamfani su zauna da ƙungiyar ƙwadago kafin duk wani babban sauyi.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin UTOPIA, da aka soma a 1981 tare da ma'aikatan ɗab'i na Sweden da Denmark. Na'urar da ake so ba a ƙera ta ba tukuna, sai aka ɗauko kwalaye da katako da takardu. Wannan kwali a ce shi ne injin buga takarda, wancan hoton da aka haska a ce allon kwamfuta ne. Mai tsara shafin jarida ya zauna ya yi kamar yana bakin aikinsa, duk inda hannunsa ya tsaya ya ce nan ba ta yi ba. Nan take a yage takardar a sake wata, tun kafin injiniya ya kashe watanni yana rubuta manhajar.