Sandar Tuƙi Mai Gaya Wa Hannu Labari

Kowa a Suleja ya san Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta garin nan, sa'ad da a ke kiransa Abuja. Maginiya irinta ba da ido kaɗai ta ke aiki ba. Yatsunta ne ke gaya mata ko yumɓu ya yi tauri ko ya yi ruwa.

To, yaron da ke tuƙa mutum-mutumi a fagen gasa, irin ta FIRST Global da aka fara a Washington a 2017, ba shi da wannan gata. Yana tsaye nesa, da sandar tuƙi a hannu. In abin ya tokari bango, ko ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, hannun yaron ba ya jin kome. Sai ya yi ta dannawa har injin ya ƙone, a cinye su.

Ga yadda a ke maganin wannan. Injin lantarki, gwargwadon nauyin da ya ke ja, gwargwadon wutar da ya ke sha. Sai a sa ma'auni ya riƙa auna wutar, ya aika da labari ta rediyo zuwa sandar. A gindinta akwai wani ɗan inji. Wani iri yakan sa ta makyarkyata, watau gargaɗi. Wani kuwa ture hannu ya ke yi baya, daidai da nauyin kayan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1954 Raymond Goertz ya yi hannun lantarki mai irin wannan aiki a Amurka, don ɗaukar abubuwan nukiliya daga bayan katanga.

Amma a kula da abu biyu. In labarin ya makara, sanda da hannu sai su shiga kokawa, mutum-mutumi ya yi ta tangaɗi. In kuwa turin ya yi ƙarfi, hannun yaro zai gaji kafin a tashi.

Malamin da ba shi da kayan nan kada ya karaya. Ya ɗaure wa yaro ido, ya ba shi doguwar gora, ya sa shi ya rarrabe yashi da laka da dutse. Sa'an nan ya tambayi aji: ta wace hanya labarin ya kai hannunsa?