Darasin Juma'a: kafin yaro ya nemi bizar karatu a Ingila

Tun bayan fitowar sakamakon jarrabawa, iyaye da dama sun tare mu bayan sallah da maganar tura yara karatu waje, yawanci Ingila. Shi ya sa muka ware darasin wannan makon a kai. Abin da muke so a riƙe shi ne, bizar karatu tana tafiya ne da kuɗin makaranta. Ranar da kuɗin ya tsaya, ita ma ta fara tangal-tangal.

A watan Mayun 2024 an ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke arewacin Ingila. Sun tafi da ajiyarsu a naira, lissafinsu daidai. Sai Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, fam ɗaya da ake samu ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ta haura 1,800 a farkon 2024. Wasunsu suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da karatunsu, aka sanar da ma'aikatar cikin gida, takardar barin ƙasa ta biyo baya. Haka dokar take: idan jami'a ta janye hannunta daga ɗalibi, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wata makarantar ko ya tattara kayansa. Waɗannan yara ba su yi ƙarya ba fa, canji ne kawai ya juya musu baya. Don haka mai lissafi ya yi shi da fam, na shekarun karatun gaba ɗaya, ya kuma bar rara.

To, yanzu ga inda mu 'yan kasuwa muka fi tuntuɓe. Bayan jami'a ta ba yaro lambar da ake kira CAS, sai an nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin zama na wata tara. A ƙa'idar Janairun 2025, wadda aka sauya daga baya, fam 1,136 aka nema kowane wata a wajen Landan, wato 10,224, a Landan kuwa 1,483. Suna ƙara shi lokaci zuwa lokaci, a duba shafin gwamnatinsu ranar da za a nema. Kuɗin nan dole ya kwana 28 a jere a asusu, bai ragu ko da yini ɗaya ba. Mu kuwa kuɗinmu ba ya kwana. Yau yana banki, gobe ya zama buhunan shinkafa a Karmo, jibi yana hanyar Kano. Alhaji zai ce ai sati ɗaya kawai na taɓa, na mayar. Wallahi wannan satin ya isa a hana biza, lissafin kwanaki ya koma farko.

Sannan asusun wa? Na yaron, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko wanda kotu ta ba riƙonsa. Idan na iyaye ne, a haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. A wurinmu baffa uba ne, kawu ma haka, amma su ba su san wannan zumuncin ba. Idan baffa ne zai ɗauki nauyi, ya zuba kuɗin a asusun yaron tun da wuri, kwanakin su cika a can.

Akwai masu zuwa su ce za su ara maka kuɗi a asusu na wata ɗaya, ko su haɗa maka takardar banki, ka ba su kaso. Mu dai ba mu ba da shawarar ko ɗaya ba. Takardar jabu ha'inci ce, kuma idan aka gano ana iya hana yaro shiga ƙasar har shekara 10. Na aron kuma, a ce ya wuce, wa zai biya zango na biyu?

Sauran takardu ba su da wuya. Fasfo, gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi (hukumar IOM tana yi a nan Abuja, takardar wata shida take yi), da kuɗin lafiya fam 776 na kowace shekara tun Fabrairun 2024. Amma a duba suna. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar WAEC, Muhammadu a NIN: a gyara tun yanzu, gyaran yana cin lokaci.

Wasu iyayen suna cewa idan ya isa zai riƙe kansa da aiki. Mai karatun digiri awa 20 kacal aka yarje masa a mako lokacin karatu, kuma wannan ba ya biyan kuɗin makaranta, da kyar ya rufe haya da abinci. Abin da ya fi ba mu mamaki da muka karanta ƙa'idar: an hana shi sana'ar kansa kwata-kwata. Yaron da ya taso a shago, jininsa saye da sayarwa ne, zai ga ba komai ba ne a aika masa turare ko shadda ya riƙa sayarwa a waya. A can karya sharaɗin biza ne. Ku ja masa kunne kafin ya hau jirgi, kuma iyaye mata kada a cika masa akwati da kayan sayarwa.

Ga masu aure kuma, tun 1 ga Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da mata da yara, sai mai digirin bincike irin na dakta, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wanda ke shirin ɗaura wa ɗansa aure a kan za su tafi tare, ya zauna da iyayen yarinyar a faɗa musu wannan kafin a sa rana.